Ku Tambaye Mu: Sarkin da Ya Durƙusa da Kambi a Kansa

Wasiƙu huɗu daga Legas suka taru a kan mutum ɗaya a wannan fitowar, wato Kiladiyos, sarkin Denmak na cikin wasan Hamlet da Wiliyam Shekisfiya ya rubuta. Malaman adabi da masu ba da umarnin wasan dandamali da ke kula da filin nan ne suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyar da adabi a wata sakandare. Da muka kai wurin da Sarki Kiladiyos ya durƙusa yana neman gafara, sai ajin ya rabu biyu. Wasu suka ce ya tuba, tsakaninsa da Allah. Wasu suka ce tuban muzuru ne. Su wa ke da gaskiya, kuma da wace hujja zan raba gardamar?
Malamar adabi, Agege

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Bari mu fara ɗan shimfiɗa saboda wanda bai san labarin ba. An rubuta wasan wajajen 1600, aka fara buga shi a 1603. Kiladiyos ɗan'uwan tsohon sarki ne na jini. Ya tarar da shi yana barcin rana a lambu, ya tsiyaya masa dafi a kunne, aka bazar da labari cewa maciji ne ya sare shi. Ba a yi wata biyu ba ya hau gadon sarauta, ya kuma auri matar mamacin, Sarauniya Gatrud, mahaifiyar Yarima Hamlet.

To, masu cewa tuban muzuru ne sun yi kuskure a wuri guda. Muzuru don idon jama'a yake tuba, yana jiran a kau da kai ya koma kan kaji. Shi kuwa Kiladiyos, a kashi na 3 fitowa ta 3, shi kaɗai ne a ɗaki lokacin da yake magana. Wa zai yaudara? A ƙa'idar wasannin wancan zamani, in ɗan wasa yana zancen zuci shi kaɗai, abin da ke ransa yake faɗa. Saboda haka zafin da yake ji na gaske ne. Masu cewa ya tuba su ma ba su tsira ba, domin shi da bakinsa ya ƙaryata su.

Hanya mafi sauƙi ita ce ki rubuta kalmomi uku a allo: tsarguwa, nadama, tuba. Ki sa su nemo wa kowace hujjarta daga littafin.

Tsarguwa za su same ta a wuri biyu. A kashi na 3 fitowa ta 1, waziri Foloniyas ya yi wata magana a kan yadda mutane kan lulluɓe aikin shaiɗan da fuskar ibada. Ba da sarki yake ba, amma sarkin ya juya gefe ya ce maganar ta tsula wa zuciyarsa bulala, ya kwatanta kansa da karuwar da ta ɓoye munin fuska da kwalliya. Yara da yawa kan tsallake wannan wuri don gajere ne, alhali nan ne karon farko da mai kallo ya ji laifin daga bakin mai shi. Kafin nan maganar fatalwar tsohon sarki, wadda ta gaya wa Hamlet labarin kisan, kawai ake da ita. Na biyu shi ne fitowa ta 2, inda Hamlet ya sa 'yan wasa suka kwaikwayi kisa irin wancan a gaban fada. Ana zuwa wurin zuba dafi a kunne sai sarki ya miƙe zumbur yana kiran a kawo fitila. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Nadama tana cikin jawabin addu'ar, wanda ya kusa layi 40. Ya ce laifinsa ya yi ɗoyi har sama. Ya ce la'anar da ke kansa ita ce mafi tsufa a duniya, ta kisan ɗan'uwa. Nan yaranki sun fi ɗan Ingila na yau saurin ganewa, domin Habila da Kabila yake nufi. Ki tuna musu yadda ƙissar ta ƙare a Suratul Ma'ida, aya ta 31: bayan hankaka ya nuna masa yadda ake binne gawa, Kabila ya wayi gari cikin masu nadama. Nadama aka ce, ba a ce ya tuba ba. Wannan gurbin ne Kiladiyos ya faɗa.

Sai tuba. Duk yaron da ya zauna a Islamiyya ya san sharuɗɗanta: a bar laifin, a yi nadama, a ƙudurta ba za a koma ba, in kuma akwai haƙƙin wani a mayar masa. Abin da zai ba su mamaki shi ne wannan sarki, Kirista a wasan da Bature ya rubuta shekaru 400 da suka wuce, daidai kan sharaɗin ƙarshe ya cije. Ya tambayi kansa wace irin addu'a ce za ta karɓu, tunda har yanzu yana riƙe da abubuwan da ya yi kisan dominsu. Ya ma lissafa su: kambin sarauta, burin kansa, da sarauniya. Ya ce a kotun duniya hannun da ke ɗauke da zinariya kan ture shari'a, har a sayi alƙali da kuɗin satar, amma a can sama babu wannan dabara. Kin ga bai jahilci hanyar ba. Ya san ƙofar, ya san abin da ake ajiyewa a bakinta, ya ƙi ajiyewa. Da ya tashi daga durƙuson sai ya faɗa da kansa cewa kalmominsa sun tashi sama, tunaninsa yana nan ƙasa.

In da sauran mai gardama, ki sa shi ya duba abin da ya kewaye addu'ar gaba da baya. A farkon wannan fitowa ɗin, kafin ya durƙusa, yana ba abokan karatun Hamlet biyu umarnin su shirya raka shi Ingila. A kashi na 4 fitowa ta 3 muka ji cewa takardar da suke ɗauke da ita tana umartar sarkin Ingila ya kashe yaron. Daga nan har wasan ya ƙare bai sake yunƙurin neman gafara ba ko sau ɗaya. A ganinmu wannan shi ne abin tsoron da ke tattare da shi, fiye da dafin: ya gwada, ya ga farashin, ya tashi ya ci gaba da harkarsa.

TAMBAYA: Gaisuwa mai yawa. Muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta matasa, mun mayar da wasu sassan Hamlet zuwa Hausa za mu nuna a zauren wata makaranta. Matsalarmu wurin addu'ar nan ce. In mai fitowa a sarki ya yi kuka, mutane su tausaya masa su manta shi ne mugun. In ya murtuke fuska kamar bos ɗin fim, yara su fashe da dariya. Yaya za mu yi?
Shugaban ƙungiya, Idi-Araba

AMSA: Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Ciwon biyu tushensu ɗaya: ɗan wasanku ya zaɓi yanayi guda tun layin farko ya riƙe shi har ƙarshe. Jawabin kuwa lissafi ne na mutum mai kaifin basira da yake neman kafar fita, yana gwada ƙofa bayan ƙofa. Ku daina ce masa "ji baƙin ciki". Ku ce masa "nemi mafita". Hawaye in sun zo da kansu, to. Kada a matso su.

Ku ɗauki biro ku yanka jawabin gida shida, kowane gida da aikinsa. Na farko amsa laifi, a tsaye, murya ƙasa-ƙasa, kamar mai jin warin abu a jikinsa. Na biyu kallon hannu, inda yake tambaya ko sama ba ta da ruwan da zai wanke jinin. Hannu ɗaya ya isa, kuma kada ya girgiza shi. Rawar hannu ce ke fara jawo dariya. Na uku shi ne inda fata ke tasowa: ya tuna cewa ai don mai laifi aka yi rahama, ya ce bari ya ɗaga kai. A nan muryarsa ta ƙara sauri, fuska ta ɗan saki, har mai kallo ya zaci an samu hanya. Yawancin ƙungiyoyi nan suke ɓata wasan, suna wucewa da kuka, alhali in bai hau ba babu inda zai faɗo.

Gida na huɗu shi ne zuciyar fitowar, lissafin abubuwa ukun nan. Ku ba shi lokaci. Ya ambaci kambi, ya kai hannu kansa, ya ɗaga shi kamar yatsa biyu daga goshi, ya tsaya. Ku ƙirga masa daƙiƙa biyar a gwaji har jikinsa ya saba, don ɗan wasa in yana kan dandamali daƙiƙa biyu kan zame masa kamar goma. Sannan ya mayar da kambin, ya ma gyara masa zama. Wannan gyaran shi zai kashe tausayin da kuke tsoro, ba tare da kowa ya murtuke fuska ba. In sandar sarauta kuke amfani da ita, ya sunkuya kamar zai ajiye, sandar ta taɓa ƙasa, yatsun su ƙi buɗewa. Gida na biyar, maganar kotun duniya da ta sama, a faɗe ta a bushe, da muryar wanda ya san yadda ake sayen shari'a don ya taɓa saye. Na shida ruɗewa: ya kwatanta ransa da tsuntsun da danƙo ya kama, yana fizga yana ƙara mannewa, ya kira mala'iku, ya umarci gwiwoyinsa su lanƙwashe. A nan kaɗai aka yarda murya ta karye.

Fassarar Hausa takan fi asalin tsawo. Ku auna da agogo: minti uku zuwa huɗu ya wadatar. In ya haura biyar, ku rage kalmomi, kada ku ce ya ƙara sauri.

Daga nan Hamlet ke shigowa ta baya da takobi, ya yi nasa jawabin sama da layi 20, ya fasa kisan don kada ya aika baffansa aljanna yana tsakiyar addu'a. Duk tsawon wannan lokaci sarki yana durƙushe. Abubuwa uku kan lalace a nan. Gwiwa a kan siminti ba ta jure minti biyu ba motsi, sai ku ɗinka soso a cikin wandon ko ku shimfiɗa kilishi tun farkon fitowar. Na biyu, tazara: in Hamlet ya matso sosai yana magana da ƙarfi, wani daga baya zai yi ihu "ai yana jinka!", shi ke nan an tashi daga wasa. Ku bar taku huɗu tsakaninsu, Hamlet ya fuskanci jama'a, sarki kuma leɓunansa su riƙa motsi ido rufe. Na uku, kuma ku ji wannan da kyau: kada ya kwaikwayi salla. Ba ruku'u, ba sujada, ba karanta aya. Durƙuso da haɗa hannu ya isa. In kuka saka siffar salla, rabin zauren zai bar labarin ya koma gardamar ko ya halatta.

Layi biyun ƙarshe da sarki ke faɗa bayan Hamlet ya fita, ya faɗe su yana kaɗe gwiwar wandonsa, cikin muryar yau da kullum. Mai kallo ne zai haɗa lissafin da kansa: ashe da Hamlet ya soke shi, ba a cikin tuba zai same shi ba.

Akwai wani abin da fassara kan ɓatar. A wasan, auren matar ɗan'uwa abin ƙyama ne bisa dokar coci ta lokacin, shi ya sa Hamlet ke ta nanata shi. Bahaushe ba zai girgiza da wannan ba, don a wurinmu mutum kan auri matar ɗan'uwansa da ya rasu, har a yaba masa ya riƙe marayu. Abin da zai sa zauren ya yi salati shi ne lokacin. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, ita kuwa Gatrud, a faɗar ɗanta, cikin wata guda ta yi aure. Ku tabbata wannan ƙidaya ta fito sarai a bakin Hamlet tun kashi na 1.

Batun haske, ba kowa ke da fitilun babban gidan wasa na Iganmu ba, kuma ba a bukatarsu. Fitilar caji ɗaya a ƙasa, gefen hagun sarki, a kashe na saman dandamalin. Janareta a kai shi bayan gini da doguwar waya, domin rabin jawabin nan da ƙaramar murya ake yinsa. In damina ce kuma rufin kwano ne, kun san ruwan Legas. Ku tanadi makirufo ko da na aro ne.

TAMBAYA: Malam, an ba mu aikin gida mu kwatanta ciwon laifi da son mulki tsakanin Kiladiyos da Makbes, na wani wasan Shekisfiya mai wannan suna. Na rubuta shafi uku, malaminmu ya ce labari kawai na ba shi. Me ya kamata in yi?
Ɗalibi, Mile 12

AMSA: Ɗana, malaminka ya riga ya san labarin, abin da yake nema ra'ayinka ne da hujja. Shafi ɗaya da rabi mai hujja ya fi ukun nan.

Ka buɗe da jimla biyu ko uku da ke faɗin matsayinka. Misali: dukansu sun kashe sarki don kujera, dukansu zuciya ta tuhume su, amma ɗaya laifin ya sa shi ƙara wayo, ɗayan ya sa shi ƙara hauka. Kowane sakin layi bayan nan ya ɗauki magana ɗaya, ya kawo fitowar da ta tabbatar da ita a wasannin biyu, ya faɗi abin da bambancin ke nunawa.

Ga kayan aiki. Lokacin da zuciya ta yi magana: Makbes mun gan shi kafin kisan, a kashi na 1 fitowa ta 7, yana lissafa dalilan da suka hana a taɓa Sarki Dankan, ɗan'uwansa ne, ubangidansa ne, baƙonsa ne, har ya amsa cewa ba shi da wani dalili sai buri mai wuce gona da iri. Kiladiyos kuwa wasa na buɗewa ya riga ya gama, yana kan karaga yana jawabi mai santsi. Sai addu'a: Makbes, a kashi na 2 fitowa ta 2, "amin" ma ta maƙale masa a maƙogwaro, kuma bai taɓa durƙusawa neman gafara ba, Kiladiyos ya durƙusa ya tashi hannu wofi. Sai ruwa da jini, wanda shi kaɗai ya isa sakin layi mai kyau: Kiladiyos na tambayar ruwan sama, Makbes na cewa teku ma ba za ta wanke hannunsa ba, matarsa ta ce ɗan ruwa kaɗan ya isa, sai ga ta a kashi na 5 tana yawo cikin barci tana murza hannu, tana cewa turaren ƙasar Larabawa duka ba zai kashe ƙarnin ba. Na ƙarshe, abin da kowa ya yi da laifinsa. Makbes ya ce ya yi nisa cikin kogin jini, komawa da ƙetarewa wahalarsu ɗaya; ya sa aka kashe abokinsa Banko, aka kashe matar abokin gabarsa Makdaf da 'ya'yansa, kisan da ba ya ƙara masa komai. Kiladiyos kowane makircinsa da lissafi: takarda zuwa Ingila, sannan takobi mai dafi a hannun Layatis ɗan waziri Foloniyas, da kofi mai guba in takobin ya kuskure.

Kurakuran da ke cin maki: kawo maganar fatalwa a matsayin hujjar nadamar sarki, alhali shaidar laifi ce kawai, rubuta Kiladiyos shafi guda, Makbes shafi guda, ba tare da sun haɗu a sakin layi ɗaya ba, da rufewa da wa'azi. Ka bar wa'azin ga mai mumbari, kai ka rufe da hukuncinka a kan wanda laifi ya fi cinyewa da dalilinka.

TAMBAYA: Ni dai tambayata gajera ce. Shin yana son Gatrud da gaske, ko tsani ya mai da ita zuwa sarauta?
Mai karatu, Obalende

AMSA: Hajiya, yana sonta, kuma akwai shaida. A cikin addu'ar, inda ba mai jinsa, ya sa ta cikin abubuwa ukun da ya kasa rabuwa da su. A kashi na 4 fitowa ta 7 ya gaya wa Layatis cewa ɗaya daga dalilai biyun da suka hana shi hukunta Hamlet a fili shi ne uwar, wadda ya ce rayuwarsa a ɗaure take da tata. Ɗaya dalilin shi ne son da talakawa ke yi wa yariman. Sai dai ki lura da jerin: kambi ya fara ambata, ita ce ta uku.

An gwada wannan jeri a fitowar ƙarshe. Ya jefa lu'ulu'u a kofin da ya tanadar wa Hamlet, gubar na ciki. Gatrud ta ɗauki kofin za ta sha don taya ɗanta murna. Ya ce mata kada ta sha, sau ɗaya. Ta ce za ta sha, ta roƙe shi ya yi mata afuwa. Sai ya juya gefe ya ce kofin gubar ne, lokaci ya ƙure. Kalma ɗaya, "guba", da ƙarfi a gaban fada, da ta tsira, shi kuma asirinsa ya tonu. Ko da ta faɗi, cewa ya yi ganin jini ne ya sa ta suma. Ita ce ta tona kofin da bakinta, Layatis ya tona sarkin.

'Yan ƙungiyar Idi-Araba, in kun kai nan, kada ku ajiye sarki a can ƙarshen dandamali inda za a ce nisa ne ya hana shi. Ku tsayar da shi taku biyu daga sarauniya, hannunsa a sake, kofin kuma ta ɗaga shi a hankali yadda na layin baya ma zai ga cewa da ya miƙa hannu ya kaɓe shi.